Ina Sunan Mai Algaita?

Wata Asabar bayan Babbar Sallah muka taso daga Gwandu za mu Kalgo ɗaurin aure, mu biyar a mota. Ni ne a gaba, don haka wayata aka jona da rediyon motar. Na sa wani tsohon faifan jaz mai suna Boss Tenors, wanda wasu mabusa biyu baƙaƙen fatar Amurka, Gene Ammons da Sonny Stitt, suka yi. Ko minti biyu ba a yi ba wani abokina, malamin makaranta, ya ce, "Don Allah Malam cire mana wannan hayaniya. Wai yaushe za su fara waƙar?" Na ce masa ba za su fara ba, babu waƙa a ciki, busa ce tun daga farko har ƙarshe. Aka kwashe da dariya. Direba ya ce kiɗan da babu waƙa ai tuwo ne babu miya.

Na kai hannu zan kashe ke nan sai wani tsoho maƙwabcinmu da muka rage wa hanya ya yi magana daga baya. "Bar shi, yaro. Su biyu na." Babu wanda ya gaya masa mabusa biyu ne. Ya ƙara kasa kunne, sannan ya ce, "Wanga mai kaurin murya ba shi gaggawa, ya san gidansu. Ɗayan kau ƙafa garai, sai gudu. Amma ku saurara, ba hwaɗa sukai ba. Wanga ya aje magana, wancan ya ɗauka."

Motar ta yi tsit. Tsohon nan bai taɓa zama ajin boko ba, bai san inda Amurka ta fuskanta ba. Amma cikin minti biyu ya faɗi abin da masana jaz suka cika takardu suna faɗa game da mutanen nan: Ammons mai murya mai kauri da nauyi, Stitt mai saurin yatsa. Ya gane ne domin sana'arsa ce. Ya yi shekaru yana busa algaita tare da wani abokinsa, su biyu, duk inda aka yi hawa ko naɗi ko buki a yankinmu. Abokin ya rasu. Shi kuma numfashi ya yi ƙasa, algaitar tana rataye a ɗaki, igiya yake tufka yanzu yana kaiwa kasuwa.

Na ce, "Baba, akwai kaset ɗinku?" Ya yi dariya ya ce, "Wa za ya ɗauke mu? Mu ba mawaƙa ba."

Wannan amsa ita ta hana ni barci, ita kuma ta sa ni wannan rubutu. Zan fara da kaina: shekara fiye da 30 muna unguwa ɗaya da mutumin nan, wayata cike da busar mutanen Shikago, amma ba ni da ko minti ɗaya na busarsa. Laifin da zan ɗora mana, ni ne na farko a cikinsa.

Abin da ke cikin faifan

Bari in gaya wa mai karatu abin da muka saurara. Saksofon abin busa ne na ƙarfe wanda wani mutumin Beljiyam, Adolphe Sax, ya ƙirƙira ya yi masa rajista a 1846. Iri-iri ne. Akwai alto mai siririyar murya, akwai teno wanda muryarsa ta fi kusa da ta namiji baligi. A wajen baƙaƙen Amurka teno ya zama abin gwada ƙwanji, har haɗa mabusa biyu su kara ya zama al'ada mai zaman kanta. A 1947 Dexter Gordon da Wardell Gray suka yi The Chase a Los Angeles, busar da ta cinye fuska biyu na faifan garmaho. A 1956 Sonny Rollins ya gayyaci John Coltrane suka busa Tenor Madness, fiye da minti 12, kuma shi ke nan abin da aka ɗauka na su biyun tare. A 1957 Coleman Hawkins ya haɗu da Ben Webster. A 1960 Eddie Davis da Johnny Griffin suka ɗauki Tough Tenors.

Boss Tenors kuwa an ɗauke shi a Shikago ranar 27 ga Agusta, 1961, kamfanin Verve ya fitar. Ɗan Kebbi ba zai manta wannan rana ba, domin shekara 30 cif bayanta, ranar 27 ga Agusta, 1991, aka ƙirƙiro jiharmu. Busa biyar ce a ciki. Wadda ta fi shahara ita ce Blues Up and Down, da ma sun taɓa ɗaukarta tun 1950 lokacin da suke jagorantar ƙungiya ɗaya tare. Yadda take tafiya shi ne, masu kiɗa na baya su riƙe wani zagaye da ba ya canzawa, sai wannan ya hau kansa ya faɗi tasa, wancan ya karɓa. Suna tafiya suna gajarta zancen, har ya zama wannan na jefawa wancan na cafkewa. Babu wanda ya rubuta musu abin da za su busa a wurin. Nan take ake ƙirƙira, kamar yadda mawaƙin baka yake ɗinka ɗiya a gaban jama'a.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. A bangon faifan an rubuta wanda ya kaɗa fiyano, John Houston. An rubuta mai ganguna, George Brown. An rubuta yaron da ya riƙe musu bas, wato babbar garayar nan tasu da ake kaɗawa a tsaye, wanda duniya ta sani da Buster Williams, lokacin yana ɗan shekara 19. Yaro ɗan 19, a bayan manya, amma sunansa na nan, ranar na nan, garin na nan. Ni da ke zaune a Gwandu bayan shekara fiye da 60 ina iya faɗa maka su. To kai faɗa mini sunan mutum ɗaya da ya busa algaita a gaban Sarkin Gwandu a hawan Sallar 1961.

"Babu waƙa a ciki"

Na dawo kan abokina malamin makaranta, domin ba shi kaɗai ba ne. Yawancinmu yanzu mun ɗauka kiɗa bawan waƙa ne, in babu baki yana furta kalmomi to babu ma'ana. Wannan ba ra'ayin kakanninmu ba ne, mantuwa ce ta kwanan nan.

Duk wanda ya taɓa tsayawa filin dambe bayan kaka ya ga abin da nake nufi. Makaɗi zai matse kalangu a hammata ya kaɗa taken ɗan dambe, bai buɗe baki ba, sai ka ga ƙato ya miƙe yana tsuma, ya fito fili yana kirari. Wa ya kira shi? Fata da tsirkiya. Manomi a gayya ya san takensa a gangar noma. Mahauci ya san nasa. In aka busa kakaki, ko yaro ya san ba attajiri ne ke tafe ba, sarki ne. Harshenmu da kansa hawa da sauka gare shi: wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha, karin sauti ne ya raba su. Shi ya sa kalangu da kotso da algaita suke iya magana da Hausa, mai kunne ya ji. Al'ummar da ta ƙirƙiro take ita ce ta ƙarshe da ya kamata ta ce busa ba magana ba ce.

Kuma ba ƙaramar fasaha ba ce. Mai algaita yana tara iska a kumatu, yana tura ta cikin algaitar a daidai lokacin da yake shaƙar wata ta hanci, shi ya sa sautin ba ya yankewa ko da an daɗe ana tafiya. A duniyar jaz, mabushi irin Rahsaan Roland Kirk ya yi suna da wannan dabara, ana tafa masa ana rubutu a kansa. A wajenmu kowane ƙwararren mai algaita yana yinta, a tsaye ko bisa doki, cikin rana da ƙura. Abin da muka ba shi lada shi ne mu riƙa yi wa kumatunsa dariya.

Mun riƙe na gaba, mun zubar da na baya

Kada a ce ba mu girmama masu fasaharmu. Muna yi, amma mutum ɗaya a kowace ƙungiya. Mun san Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Jankiɗi. Mun san Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani. Mun san Ɗan'anace da Gambu. Mutanen Kalgo suna da Illon Kalgo, makaɗin 'yan dambe, wanda sunan garin ya bi shi duk inda ya shiga. To su wa ke bayansu? Waƙar Narambaɗa ba za ta tsaya ba in ka cire kotso da 'yan karɓi. Waƙar dambe in babu kalangu ai labari ce kawai. Waɗannan mutane sun ba da rayuwarsu, sun yi tafiye-tafiye, sun kwana a zauren mutane, sun ƙirƙiro kiɗan da muke gyaɗa kai a kansa har gobe. A kaset kuwa sai a rubuta sunan mutum ɗaya a ƙara da "da jama'arsa". Da aka koma kan waya ma "jama'ar" ta ɓace.

Ba zan yi rashin adalci ba. Akwai waɗanda suka yi ƙoƙari. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya bi makaɗa gari-gari ya rubuta tarihinsu. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa, a littafin Shata Ikon Allah na 2006, sun kawo mutanen da suka yi aiki da Shata. Gidajen rediyo na Kaduna da Sakkwato su suka adana mana da yawa daga abin da muke ji yau. Amma duba da kyau, duk wannan hasken a kan mawaƙi yake, na baya suna samun ɗan abin da ya fantsalo ne. Mabushin da ba ya bin wani mawaƙi, wanda busar ce kaɗai maganarsa, shi ko fantsalowar bai samu ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, kunyar faɗa kawai muke ji. Mun ajiye makaɗi da mabushi a sahun maroƙa. Muna son su ranar buki, mu liƙa musu kuɗi a goshi don a ga mun isa, amma in ɗansu ya zo neman aure sai a fara binciken asali. Yaron da ya tashi ya ga haka, don me zai gaji ubansa? Gara ya sayi babur ya yi kabu-kabu. Ba zamani ne ya kashe algaita ba. Raini ne ya kwantar da ita, zamani ya zo ya tarar da ita a kwance.

Abin ya fi ciwo da yake a Gwandu muke. Garin nan da alƙalami aka san shi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya rubuta littafi guda, Ida'un Nusukh, don kawai ya lissafa malaman da ya yi karatu a wajensu da abin da ya karanta a gun kowanne. Ban haɗa malami da mabushi a sikeli ɗaya ba, kada wani ya juya mini magana. Ɗabi'ar nake nunawa: wanda ya amfane ka, rubuta sunansa. Wannan gadonmu ne tun kafin a ƙirƙiro saksofon. Yaya aka yi kamfanin faifai a Amurka ya fi jikokin Gwandu riƙo da ita?

Cutar "wa ya fi?"

Abu na biyu da faifan nan ya tona mini shi ne yadda muke kallon gwanaye biyu. Shiga Facebook ka rubuta sunan Narambaɗa da Ɗanƙwairo a layi ɗaya, ka koma gefe. Kafin la'asar an rabu gida biyu, an zagi iyaye. Haka ake yi da Shata da duk wanda aka jera da shi, haka ake yi da mawaƙan zamani. Ba mu iya jin gwani biyu ba tare da mun nemi wanda za mu binne ba. Su ma masu fasahar sun karanci halinmu, shi ya sa in ka ji manya biyu sun ambaci juna, sau da yawa habaici ne ko zambo.

Tsarin ƙungiyar kiɗanmu ma haka yake, shugaba ɗaya, saura mabiya. Ɗanƙwairo da kansa a bayan yayansa Kurna ya fara, sai daga baya ya ja tasa ƙungiyar. Tsari ne mai kyau wajen koyo, ya fitar da gwanaye. Amma bai bar wurin da gwani zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da gwani ba, kowa da cikakken sunansa.

Ammons da Stitt gasa suke yi, kada a yi kuskure. Kowa so yake ya fi. Amma gasa ce irin wadda sai da abokin karawa take daɗi. In Stitt ya zubo gudu, Ammons ba ya binsa a guje, sai ya ja sauti ɗaya mai kauri ya riƙe, ya nuna masa cewa nauyi ma magana ce. Shi kuma Stitt dole ya nemo wata hanya. Kowannensu ya fita daga ɗakin ɗaukar nan ya fi yadda ya shiga. An gama ba a kashe kowa ba, mai sauraro ne ya ci riba.

Mu ma mun san wannan, mantawa muka yi. Shago bai zama Shago shi kaɗai ba, sai da aka samu irin su Ɗandunawa a gabansa. Mai kallon dambe na gaskiya ba kisan kaɗai ya kawo shi ba, turmin da aka yi aka tashi babu kisa ma yana ba da labarinsa shekara da shekaru. Ko a tarihin garinmu akwai darasin. Bayan rasuwar Shehu a 1817 an samu tsamin dangantaka tsakanin Malam Abdullahi da ɗan yayansa Muhammadu Bello, har sai da Bello ya kawo masa gudummawa a yaƙin Kalambaina, suka haɗu a kan dawaki, baffa ya gaida ɗa a matsayin Sarkin Musulmi. Gwandu ta tsaya, Sakkwato ta tsaya, girman ɗaya bai rage na ɗaya ba. Mutanen da suka gaji wannan bai kamata su kasa sauraron gwanaye biyu a zama ɗaya ba.

Baƙo ya gani, ɗan gida bai gani ba

Ga wani abin da zai sa mu sunkuyar da kai. Yusef Lateef, ɗaya daga manyan mabusa teno na Amurka, ya baro ƙasarsa ya zo Zariya ya zauna daga 1981 zuwa 1985 a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Me ya zo nema? Kiɗanmu da busarmu, musamman sarewar Fulani. Shi da Ziky Kofoworola suka fitar da littafi kan kiɗa da wasannin Hausa a 1987. Kafin shi, David Ames da Anthony King sun tattara kalmomin kiɗan Hausa suka buga a 1971. Mutumin da ya yi busa tare da manyan jaz na duniya ya zauna gaban makiyayi yana koyo, mu kuma in yaro ya ɗauki sarewa sai mu ce ya rasa aikin yi.

In kuma wani ya ce ai wannan harkar Turawa ce, to ya dubi Mali. A 1970 aka fitar da faifan kora zalla, babu waƙa, wanda Sidiki Diabaté da Djelimadi Sissoko suke cikin waɗanda suka kaɗa. Ranar 22 ga Satumba, 1997, 'ya'yansu Toumani Diabaté da Ballaké Sissoko suka zauna a Bamako, su biyu, suka ɗauki nasu, ya fito a 1999 da sunan New Ancient Strings. Bayan haka Toumani ya haɗu da Ali Farka Touré suka yi In the Heart of the Moon, wanda ya ci kyautar Grammy a 2006. Mutanen Mali ba su fi mu kayan kiɗa ba, ba su fi mu kuɗi ba. Sun dai yarda cewa abin da yatsun tsohonsu ke faɗa ya isa a saurara, kuma ya isa a sa masa suna.

Abin da za a ce mini

Na san za a ce Gwandu garin malamai ne, me ya haɗa mu da bushe-bushe. Ba fatawa na zo bayarwa ba, ba ni da wannan matsayi. Magana ce tsohuwa, har Shehu da ƙanensa Malam Abdullahi sun tattauna ta a rubuce, kuma Malam Abdullahi ya fi tsanantawa. Wanda ya ƙaurace wa kiɗa gaba ɗaya saboda addininsa, ba da shi nake ba, ina girmama shi. Da kai nake, wanda ka ɗauko mai manyan sifiku ranar bukin ƙanwarka aka hana unguwa barci, wayarka cike da waƙoƙin fiyano, amma sai an zo kan tsohon mai algaita ka tuna da tsoron Allah. Wannan ba taƙawa ba ce, raini ne ya sa rawani.

Za a ce Amurkawan ma ba su riƙe mabusansu da daraja ba. Gaskiya ne. Mutanen nan sun yi busa a ƙasar da ake ware baƙar fata, kamfanoni sun ci guminsu, ƙwaya ta lalata da yawa. Ammons kansa, shekara ɗaya bayan wannan faifai, ya shiga kurkuku kan laifin ƙwaya daga 1962 har 1969, ya rasu a 1974. Stitt ya bi shi a 1982. Ba rayuwarsu nake kwaɗayi ba, kuma ba cewa nake mu koma jin jaz ba. Wanda bai ji daɗinsa ba ya bar shi, ba farilla ba ne. Abu ɗaya nake nunawa: duk da wulaƙancin da suka sha, aikinsu bai bi su kabari ba.

Za a ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, yanzu zamanin sitidiyo ne. Ban ƙi ba. Yaran da ke haɗa kiɗa da kwamfuta sana'a suke yi, suna ci da iyayensu, wasunsu gwanaye ne. Kuma mai buki ya san kiran mutum ɗaya da sifika ya fi masa arha a kan ciyar da ƙungiya guda. Amma sautin da fiyano ke kira algaita hoton algaita ne. Maɓallan fiyano a ƙayyade suke, ita kuwa algaita tana zamewa tsakanin sauti da sauti, tana lanƙwasa kamar harshe, a nan maganarta take. In tsofaffin suka ƙare ba a ɗauke su ba, ko yaron sitidiyon da ya so ya koma tushe ba zai tarar da abin da zai kwaikwaya ba.

Za a kuma ce ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, wa ke ta algaita. To a faifan da muke magana, mutum biyar ne suka shiga ɗaki rana ɗaya. Wayar da kake karanta wannan rubutu da ita tana iya ɗaukar sauti da hoto. Ba kuɗi muka rasa ba. Ba mu ga abin ya isa a ɗauka ba ne.

Abin da nake nema

Ba babban abu ba ne. A nemo mabusa algaita biyu da suka fi ƙwarewa a ƙasar Gwandu, a zaunar da su a zaure mai shiru, da mai ganga ɗaya ko biyu a bayansu. Kada a sa mawaƙi, kada a sa sanƙira, kada a sa fiyano. A bar su su gaisa da busa, wannan ya ajiye wancan ya ɗauka. A yi haka da masu kalangu biyu a Kalgo, da masu sarewa biyu a rugage, da masu goge, da masu gurmi. A tambaye su sunan kowane take da wanda aka yi wa shi da wanda ya koya musu. Sannan a rubuta sunan kowa, har yaron da ya riƙe ƙaramar ganga, da garin, da ranar. A biya su kafin su tashi, kuma a yi yarjejeniya a rubuce cewa in abin ya kawo kuɗi suna da kaso. In ba haka ba mun maimaita zaluncin da muke zargin kamfanonin waje da shi.

Masu iya wannan suna kusa. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin a bakin Kalgo yake. Ɗalibi ɗaya mai neman abin da zai rubuta a kundin kammala karatu zai iya fara wannan aiki cikin hutu guda. Fadar Abdullahi Fodiyo ta san mabusanta da gidajensu, kalma ɗaya daga can ta isa ta buɗe ƙofofi. Gidajen rediyonmu za su iya ware rabin awa a mako don busa da kiɗa zalla, a riƙa faɗin sunan mai yi. Mawaƙan zamani masu cika fili, ku ɗauki mai algaita na gaske ku sa a waƙa, ku rubuta sunansa kusa da naku, ba zai rage muku komai ba. Kai kuma mai karatu, a unguwarku akwai irin wannan tsoho. Kada ka jira gwamnati. Je ka gaishe shi, ka nemi izninsa, ka kunna wayarka.

A wajen ɗaurin auren nan na Kalgo, bayan an shafa fatiha, wani yaro ya kafa sifikunsa ya saki kiɗa. Cikin kiɗan akwai wani sauti da ake nufin algaita ce. Na waiwaya na dubi Baba. Yana zaune bakin tabarma yana cin goro, yatsunsa na motsi a kan gwiwarsa, suna gyara wa na'urar kurakuranta. Mutum fiye da ɗari a wurin, babu wanda ya san gwani na zaune.

Da muka dawo Gwandu na je na same shi, na roƙe shi ya sauko da algaitar. Ya goge ta, ya gwada, iskar ba ta kai ba. Ya mayar da ita ya ce, "Kun makara, yaro. Da kun zo muna mu biyu."

Na ɗauki hirarsa, na rubuta sunansa da na abokinsa da na wanda ya koya musu. Busar kuwa ta tafi. Akwai waɗanda numfashinsu bai ƙare ba tukuna, a Gwandu da Kalgo da Jega da Bunza. Bana suna nan. Baɗi sai yadda Allah ya yi.